Kaset na Biyu

Zuwa ga Goggona mai keken ɗinki,

Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da gwiwar nan taki mai hana ki sakat. Ni lafiyata ƙalau, in ban da mura da ta yi mini sannu da zuwa, ita ma ta kama gabanta. Direban da zai miƙo miki wannan mutumin kirki ne, in kin rubuta amsa ki ba shi.

Goggo, na samu shiga. Amma kar ki fara rabon albishir, don shigar ba ta wuce bakin ƙofa ba. Wurin a saman wani bene yake, bayan shagon masu sayar da taya. Ɗaki ne da aka lulluɓe bangonsa da soso, a tsakiya ga wani ɗan akurki na gilashi, ga makirufo a rataye, ga allo inda fim yake tafiya babu sauti. Aikinmu mu ɗora wa mutanen cikin allon murya: bakinka ya buɗe lokacin da nasu ya buɗe, ya rufe lokacin da nasu ya rufe. Ji za ki yi kamar wasa, amma wallahi a jiƙe nake fitowa.

Sabon shiga ba a ba shi magana, hayaniya ake ba shi. Tun da na zo na mutu ya fi a ƙirga. An harbe ni, an turo ni daga bene, mota ta bi ta kaina. Jiya kuwa ni da wasu sababbi mu ne kasuwa gaba ɗayanta. Darakta, wani siririn mutum mai taunar murfin biro, sai ya leƙo ta gilashi ya ce, “Kwaɗo, sake mutuwa, wannan ba ta yi ba.” E, Kwaɗo. Da aka tambaye ni sunan da zan yi aiki da shi, shi na bayar. Sunan da Kawu ya laƙaba mini don ya ci mini fuska, shi nake so ya gani an rubuta a talabijin.

Kin san abin da ya fitar da ni daga gidan nan, amma bari in rubuta shi da hannuna, kar wata rana wani ya ce na manta. Kaset guda Inna ta bari a duniya mai muryarta, wanda ta ɗauka za ta aika wa Baba lokacin yana aiki a nesa. A ciki tana ba shi labarin gida, tana tsawata mini in sauka daga kan buhu, tana dariya. Bayan na rasa su duka biyu, shi nake kunnawa in duniya ta yi mini zafi. A cikin safa nake ɓoye shi, a ƙasan akwatina. Kawu ya so ya ɗauki tallar shagonsa, ya ga sayen sabon kaset asara ne, ya buɗe akwatina ya ɗora muryarsa a kan na Inna. Na dawo daga aike na tarar da lasifika tana ihu a ƙofar shago: “A zo a gyara agogo! A zo a gyara agogo!” gaba da baya, babu inda ya bari. Da na tsaya gabansa, ko gilashin idonsa bai cire ba, ya ce, “To, matacce yana tallar agogo ne?” Ƙanwarsa fa, Goggo, ciki ɗaya.

Ranar da na ce zan tafi neman aikin murya kuwa, kina ji daga ɗakinki ya kumbura kumatu yana kukan kwaɗo a gaban masu kawo gyara, suna riƙe ciki.

Ban yafe ba, ba kuma zan yafe ba. Ya raba ni da muryar Inna. Ban san ta yaya ba tukuna, amma da murya zan rama.

Ɗanki,
Kwaɗo

*

Auta,

Ni dai ba zan kira ka da sunan da wancan mutumin ya sa maka ba, wanda uwarka take kiranka shi na sani. Na ga takardarka, na karanta har da maimaici. Ina lafiya. Gwiwa tana nan da halinta, in hadari ya haɗo ita ce take fara sanar da ni. Ido ma ya fara gardama da ramin allura, sai na yi ta lalube ina zagin wanda ya ƙera ta.

Ka ce me ya sa ba zan riƙa kiranka a waya ba, tun kafin ka tafi kake mita. Kai ma ka sani, katanga ɗaya ce tsakanin ɗakin ɗinkina da shagon Mai Agogo. Atishawa na yi yana ji. Maganar da ni da kai za mu yi ba ta waya ba ce. Takarda ba ta da ƙara.

Lasifikar tana nan, tun safe har rana ta faɗi, kuma bakinta tagata yake kallo. Na roƙe shi ya juya ta wajen titi, ya ce iska ce take juyo ta. Iskar da ta san ƙusa da waya! Masu kawo mini ɗinki sai mun yi ihu kafin mu ji juna. Rannan wata ta ce a rage mata hannu na ji wuya, na ɓata mata riga sabuwa fil. Duk wannan da sauƙi. Abin da yake ci mini rai shi ne na san abin da yake kwance a ƙarƙashin wannan ihun. Ni dangin ubanka ce, dangin ma na nesa, amma uwarka ita ce ƙawar da ban sake samun irinta ba. Duk sanda ya ce a zo a gyara agogo, ji nake kamar a kan kabarinta yake tsaye yana faɗa.

Abu ɗaya zan faɗa maka, ka daina jin haushin muryar nan taka. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uwarka ma haka tata take, kaurin nan, da ɗan karyewar nan a ƙarshen dariya. Lokacin kana nan, in ka yi dariya a tsakar gida, ɗage ƙafa nake daga keke in saurara.

Batun rama kuwa, ba ni ce zan hana ka ba. An ce rama cuta ga macuci ibada ne. Ka dai ci abinci, ka daina mutuwa da yunwa a cikinka.

Goggonka

*

Goggo,

Gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi, ido kuma ya shirya da allura. Ni garau nake, har na ɗan yi kumatu. Na ga inda kika ce muryata irin ta Inna ce. Na gode da lallashi. Na san uwa ba ta rasa abin da za ta faɗa wa ɗa mai muryar kwaɗo.

Yanzu gyara zama ki sha labari. Allah ya kawo mini Kawu har cikin akurkin gilashi!

Ana shirya wani katun na yara, a ciki akwai Tsohon Ɓera, mai shagon gyare-gyare, wanda duk abin da aka kawo masa sai ya ƙara lalata shi. Aka ce kowa ya zo gwaji, har mu 'yan hayaniya. Na shiga na karanta da muryata. Darakta ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, “Na gaba.” Na juya zan fita ke nan idona ya faɗa kan allo. Ɓeran ya maƙala gilashi a ido ɗaya yana leƙa cikin wani abu. Goggo, gilashin masu gyaran agogo! Na koma gaban makirufo. Na ce, “Ranka ya daɗe, a ƙara mini dama ɗaya.”

Na matse maƙogwaro har na ji ƙartar nan tasa ta fito, kamar ana jan kujera a kan siminti. Na yi gyaran muryar da yake yi kafin ya shirga ƙarya, “Ehem-hem.” Sai na kife takardar da aka ba ni, na faɗi abin da yake faɗa wa duk wanda ya dawo da agogo a tsaye: “Ai ba lalacewa ya yi ba, hutawa yake yi.”

Mai na'urar ɗaukar murya ya kifa kai a tebur yana dukansa. Murfin biro ya faɗo daga bakin Darakta. Ya ce, “A ina ka samo wannan?” Na ce gado ne. Nan take ya ba ni ɓeran, ya sa aka rubuta maganar a cikin labarin.

Akwai wata dattijuwa a nan da ta daɗe a aikin, Anti Zuma ake ce mata, don ba ta rabo da kwalbar ruwan ɗumi da zuma. Ta tare ni a matakala ta ce, “Ɗan nan, daga ina kake ciro muryar nan?” Na ce daga wuya. Ta ce, “Ai na ji. Mu daga ciki muke ciro ta, maƙogwaro hanya ce kawai. Wannan matsewar da kake yi, in ta yini guda ce ba komai, in ta daɗe zama za ta yi. Kayan aro ba ya rufe katara.” Na ce to, na gode. Da na koma ɗaki na gwada yadda ta ce. Ta fito tsaf, babu zafi babu ƙaiƙayi, ɓera mai kyau. Amma ba Kawu ba ne. Ni kuwa ba ɓera na zo yi ba.

Ga roƙona. Kunnenki yana jikin katangarsa. Duk wata magana da ya saba yi, duk wani tari ko tsaki, ki rubuto mini. So nake in an kunna talabijin a layinmu, ko kurma ya gane wanda ake nufi.

Ɗanki,
Kwaɗo

*

Auta, ɗan albarka!

Lafiyata lau, yau ko gwiwar ban ji ba. In ma tana ciwo dariya ta danne ta. Ina fatan kai ma haka.

An nuna! A shagon mai aski aka fara gani, ka san shi talabijin ɗinsa ba ya hutawa. Ɓeran nan yana yin “Ehem-hem” mai aski ya tsaya da almakashi a sama, wanda ake yi wa askin ya juyo da rabin kai. Kafin ya kai “hutawa yake yi” shagon ya kaure. Wani ya fito da gudu yana cewa a zo a ga Mai Agogo a talabijin ya fito da jela. A ƙarshe sunaye suka hau, na sa mai aski ya nuna mini da yatsa: Tsohon Ɓera, Kwaɗo. Na ce Allah na gode maka da ka nuna mini wannan rana.

Yanzu layin nan babu mai kiransa da sunan sana'arsa. 'Yan makaranta in an taso su sai sun yi layi a ƙofar shagon sun gyara murya gaba ɗaya, ya fito da tsintsiya su watse. Manya ma ba su bar shi ba. Mai shayi in risho ya mutu sai ya ɗaga murya ya ce hutawa yake yi. Wani har agogon da ba shi da komai a ciki ya kawo, don kawai ya ji ya faɗa da bakinsa. Bai faɗa ba. Ya buɗe baki ya rufe, ya buɗe ya rufe, kunnuwansa suna rawa. Mutumin da bai taɓa rasa amsa ba!

Da yamma ya zo ya tsaya a ƙofata, bai yi sallama ba. Ya ce, “Ki faɗa wa ɗan ƙawarki na ji saƙo.” Na ce, “Wane saƙo? Ni ɓera na gani.” Na ci gaba da taka kekena. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Ga abin da ka ce in tattaro maka. In agogo yana latti cewa yake, “Agogon kirki ba ya gaggawa.” In ya ɓalla wani abu a ciki, “Tun daga kamfani suka yi kuskure.” Sannan kwanan nan ya samo wani sabon salo: in ya ja numfashi sai wani ɗan siririn fito ya biyo baya, fiii, kamar butar shayi ta kusa tafasa. Ta katanga nake ji. Ka ƙara wannan, zai yi armashi.

Goggonka

*

Goggo,

Ina gaisuwa, ina kuma taya ki murnar gwiwa. Ni lafiya, sai ɗan zafin wuya da safe, in na yi magana kaɗan yakan saki.

Takardarki a aljihuna take kwana. Wurin da ya buɗe baki ya rufe na karanta har takardar ta fara yagewa. Fiton nan kuwa na ƙara shi, ya zama abin da yara suka fi so. Ɓeran da aka shirya zai leƙo jefi-jefi, yanzu babu fitowar da ba ya ciki. Na daina mutuwa, Goggo, wasu ne suke mutuwa a bayana.

Wahalar aikin ɗaya ce: dole muryar ta zama iri ɗaya kullum. In ka shigo da safe ta ɗan kauce, mai na'ura zai kunna maka ta jiya ya ce ka daidaita, kowa yana jiranka. Sai na gano dabara, na daina sauke ta. Da ita nake sayen burodi, da ita nake gaida mai gidan haya, da ita nake tsayar da mota. Anti Zuma ta ji ni ina amsa gaisuwa da ita, ta girgiza kai ta ajiye mini kwalbar zumarta a kan kujera. Na mayar mata. Zuma tana gyara murya, ni kuwa ƙartar nake so.

Ki ci gaba da sa kunne. Ban gama da shi ba.

Ɗanki,
Kwaɗo

*

Auta,

Ina lafiya, da fatan kana lafiya. A tsaye nake rubutun nan, direba yana jira. Mutumin naka ya yi shiru. An sauke lasifika, shago a rufe. Hannuna a cike yake, zan rubuta in na samu sarari. Ka sassauta haka nan.

Goggonka

*

Goggo,

Ina gaishe ki, ko da yake ban san ko gaisuwata tana da sauran daraja a wurinki ba. Damina ta shigo ta fita ban ga takardarki ba. Direba ya ce duk zuwan da ya yi ɗakinki a kulle. In gwiwa ce ta kwantar da ke, ai sai a sanar da ni.

Guntuwar takardarki ta ƙarshe ta faranta mini, ta kuma ɓata mini. Ya yi shiru, ya sauke lasifika, ya rufe shago: ranar har rawa na taka a ɗaki. Kunya ta kora shi cikin gida ke nan. Amma “ka sassauta” fa? Ke ce da bakinki kika ce ibada ne. Shi ya sassauta da ya buɗe akwatina? Ko ya zo ya yi miki ’yan kalamai ne kika sauya sheƙa?

Lafiyata kuma, tunda al'adar takarda ce a faɗa, ba ƙalau ba. An kawo wani sabon fim, ana neman muryar wani saurayi mai sanyin hali da yake jinyar mahaifiyarsa. Na so aikin nan har cikin raina. Na shiga akurki, na saki wuya, na karanta. Darakta ya danna maɓalli ya ce, “Kwaɗo, bar wasa, ajiye ɓeran.” Na ce na ajiye. Na sake. Ya ce, “Da muryarka nake so, wadda ka zo da ita.” Na sha ruwa, na yi tari, na sake. Mai na'ura bai yi dariya ba wannan karon. Ya kunna mini abin da na faɗa, na ji Kawu yana cewa, “Sannu Mama, ki sha magani.”

Na je wurin likita, ya zura mini wani abu mai fitila. Ya ce igiyoyin muryata sun yi kanta, irin ta tafin hannun mai faskare. Ya ce in yi shiru na tsawon lokaci, wataƙila wani abu ya dawo, bai yi alkawari ba. In kuwa na ci gaba, in manta. A makon ne kuma Darakta ya ce za a ɗauki sabon zango na ɓeran. Na zauna na auna. In na yi shiru yanzu, yara za su manta, mutumin zai buɗe shago ya mayar da lasifikarsa kan tagarki. Na shiga na yi zangon har ƙarshe. An kammala shekaranjiya.

Da na gaji da jiran takarda na karya dokarki na kira ki a waya. Kin ɗauka, na ce, “Goggo, ina wuni.” Na ji kin yi salati kin kashe. Na sake kira ba ki ɗauka ba. Me na yi miki?

Ɗanki,
Kwaɗo

*

Auta,

Ina amsa gaisuwarka. Gwiwa ba ita ta hana ni rubutu ba, ko da yake benen asibiti ya gama da ita. Ka zauna kafin ka karanta sauran.

Shirun da na ce maka ba na kunya ba ne. Na rubuta a gaggauce, kai kuma ka karanta abin da ranka yake so. Kawunka faɗuwa ya yi a shago, numfashi ya gagara. Ni na ji ta katanga. Babu wanda ya taso sai ni da mai aski, don ka san bai ajiye kowa ba a duniya. Likitoci suka ce wani mugun ƙari ne a maƙogwaronsa, ya daɗe yana ci. Ƙartar nan da gyaran muryar nan, ashe ciwon ne tun farko. Fiton da na ce ka ƙara, hanyar iska ce take toshewa. Sun yanke abin gaba ɗaya, har da inda murya take fitowa. Yanzu ta wani rami a wuyansa yake numfashi. Ba zai sake cewa uffan ba har ya koma ga Allah. Da biro da takarda yake neman ruwa.

Kar ka ɗauka na yafe masa. Ina dama masa abin sha ina tuna masa kaset ɗin nan, ba shi da bakin ramawa. Amma ba zan bar ɗan'uwan ƙawata ya mutu shi kaɗai kamar kare ba.

Batun waya. Ina zaune a gefen gadonsa ta yi ƙara. Na ɗauka, sai na ji Mai Agogo yana ce mini ina wuni, ga shi kuma kwance a gabana da bandeji a wuya yana kallona. Wallahi salati na yi na kashe. Sai da na ga takardarka na tabbata kai ne, kuma ba wasa kake yi ba.

Auta, na yi kuka, irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fita da uwarka. Ka ce lallashinka nake yi. Yaushe ka taɓa ganin na lallashi wani? Gaskiya na faɗa maka. Ranar da ya goge kaset ɗin nan na yi baƙin ciki, amma na ce a raina da sauƙi, tunda yaron yana nan, in na yi kewarta sai in ba shi dariya. A wuyanka take, kai ne ba ka taɓa jin kanka daga waje ba. Na saurara a wayar nan ko zan tsinci ko ɓurɓushinta, ban samu ba.

Ya ga ina kuka da takardarka a hannu, ya fizge ta ya karanta. Ka yafe mini wannan, ƙarfina bai kai ba. Da ya gama ya nuna a ba shi biro. Ya nuna mini lallai in haɗa da nasa, ga shi nan a ƙasa. Na so in yage, sai na ga ba ni aka rubuta wa ba.

Goggonka

Kwaɗo,

Kawunka ne. Jiki da sauƙi.

Akwai talabijin a ɗakin da nake kwance. Duk yamma nakan nuna a kunna mini ɓeran. Da farko haushi nake ji, yanzu kuwa jira nake lokacin ya yi. Likita ya ce muryata ta tafi. Na rubuta masa cewa ba tafiya ta yi ba, hutawa take yi a wurin ɗan ƙanwata.

Kana ta yaɗawa na ɗora muryata a kan ta uwarka. Na yi, ban musa ba. Amma kaset guda na goge. Na biyun yana wurinka, kai ka ɗora ni a kai da kanka, gaba da baya, babu inda ka bari.

Ka riƙa shan ruwan ɗumi, ka guji sanyi. Ba na so ta lalace, ita kaɗai gare ni.